Yadda za ka fara tara lambobin yabo na Yaƙin Kirimiya

In kana son wannan harka, kar ka ce sai ka tara komai, zaɓi yaƙi ɗaya ka san shi ciki da bai. Ni dai shawarata Yaƙin Kirimiya, wanda Ingila da ƙawayenta suka yi da Rasha, 1853 zuwa 1856, lambar da Ingila ta ba sojojinta. Ta azurfa ce, kan Sarauniya Biktoriya a gaba da 1854, ƙyallenta shuɗi-shuɗi mai rawaya a gefe.

To abin dubawa na farko shi ne gefen lambar, nan ake buga sunan soja da rundunarsa, amma fa da yawa haka aka raba su ba suna, daga baya wasu suka kai aka zana musu, don haka ɗauki gilashin ƙara girma ka duba sosai, in gefen ya sirance a wuri ɗaya to an kankare wani suna ne. Sannan ƴan ƙarafan da ke kan ƙyallen masu ɗauke da sunayen wuraren da aka gwabza, Alma, Balaklava, Inkermann, Sebastopol, ka gwada su da rajistar sojoji da ke ajiye a gidan adana takardun tarihin Ingila a Kew, Landan, saboda na Balaklava ana yawan liƙa shi don kuɗi ya tashi.

Don Allah kar ka goge ta da man goge ƙarfe, wallahi ɓata ta kake, wannan baƙi-baƙin shekarunta ne. Ajiye ta inda ba danshi kawai.