Darasi na 7: Sauya ma'aunin zafi da ƙa'ida biyu a haɗe

Ma'aunin zafi uku aka fi amfani da su a duniya. Yawancin ƙasashe suna aiki da Salsiyos, Amurka tana nan kan Faranhait, masana kimiyya kuwa Kelbin suka riƙe. Ruwa yana daskarewa a digiri 32 na Faranhait, wato sifili a Salsiyos, wato 273.15 a Kelbin.

Ƙa'ida ta farko, mu kira ta g, ita ke mai da Faranhait Salsiyos: cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9. Daga ina 5 da 9 suka fito? Daga daskarewar ruwa zuwa tafasarsa, Faranhait yana hawa daga 32 zuwa 212, taki 180 ke nan. Salsiyos kuwa taki 100 kacal yake yi. Idan ka rage 100 bisa 180, sai ya koma 5 bisa 9.

Ƙa'ida ta biyu, h, ba ta da wuya: ƙara 273.15 a kan Salsiyos, ka sami Kelbin. Babu ninki, domin takinsu girma ɗaya ne.

To idan Faranhait aka ba ka, aka ce ka kawo Kelbin fa? Sai ka haɗa su kamar injina biyu a jere, abin da ya fito daga na farko shi ake zubawa a na biyu. Ana rubuta shi haka: K = h(g(F)). Kullum daga cikin baka ake farawa, ko da yake h ido yake fara gani.

Mu gwada da zafin jikin mai lafiya, 98.6 a Faranhait. Cire 32, saura 66.6. Ninka da 5, ya zama 333. Raba da 9, ka sami 37. Aikin g ya ƙare. Yanzu miƙa wa h wannan 37, ka ƙara 273.15: amsa 310.15.

Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Wanda ya fara ƙara 273.15 kafin ya cire 32 ya ninka ya raba, 188.75 zai samu. Wannan ya kai digiri 84 ƙasa da sifili a Salsiyos, sanyin da babu jikin da zai rayu da shi.

Aiki: mai da 50 da 212 na Faranhait zuwa Kelbin, ka rubuta amsar g a layinta kafin ka taɓa h. Sannan ka sa −40 a cikin g kaɗai, ka gaya wa malami abin da ka lura da shi.