Yadda baƙo zai kare kansa a daren murnar cin ƙwallo a titunan Saudiyya

Ranar 22 ga Nuwamba, 2022, da Saudiyya ta doke Ajantina da ci biyu da ɗaya a filin wasa na Lusail da ke Ƙatar, titunan Riyad da Jidda sun cika maƙil da motoci da koren tuta, har Sarki Salman ya ba da hutu washegari. Irin wannan dare yana dawowa duk lokacin da wata ƙungiyar ƙwallon ƙasar, kamar Al-Hilal ko Al-Nassr ko Al-Ittihad, ta ɗauki kofi, haka ma aka gani a watan Mayun 2025 da Al-Ahli ta lashe kofin zakarun Asiya a Jidda. Masu murnar ba su fito da mugun nufi ba, sau da yawa ma sukan jawo baƙo su miƙa masa tuta. Abin da ke jikkata mai tsayawa kallo mota ce, abin da kuma ke jefa baƙo cikin matsala takarda ce ko wayar da ke hannunsa.

Da farko ka san ranar wasan tun kafin ta zo. Idan wasan ƙarshe ne, ko karawar Al-Hilal da Al-Nassr a Riyad, ko ta Al-Ittihad da Al-Ahli a Jidda, ka gama cefanenka da duk wani uzuri da rana, domin da zarar alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe, titin Tahliya a biranen biyu da bakin tekun Jidda da ake kira Kornish sukan cushe, tafiyar minti goma ta koma ta awa guda. Mai tafiya a jirgin sama a wannan dare ya fita da wuri sosai.

Kada ka taka ƙofar gida ba tare da iƙamarka ba, wato katin izinin zama, ko kwafinta da ke manhajar gwamnati ta Absher. Ɗan umara ko mai ziyara ya riƙe fasfonsa da bizarsa. 'Yan sanda sukan yawaita a irin wannan dare, ɗan ƙasa da aka tsayar kuma ba daidai yake da baƙon da ya kasa nuna takarda ba.

Sai batun wurin tsayawa, wanda shi ne ya fi komai nauyi a wurina. Akwai wasan ganganci da mota da Larabawa ke kira tafhiɗ: matashi ya taho a guje, ya ja burkin hannu, motar ta riƙa zamewa a kaikaice tana hayaƙin taya, abokansa rabin jikinsu a waje ta taga. Doka ta yi masa tsanani, tarar riyal 20,000 da tsare motar kwana 15 a karon farko, amma tara ba ta mayar da ƙafar da ta karye. Motar da ta ƙwace wa direba ba ta bin tsakiyar titi, gefe take nufa, wato daidai inda masu kallo suka jeru. Saboda haka kada ka tsaya a bakin kwalta, ko a tsibirin tsakiyar titi, ko a shataletale, ko a wajen kwana. Ka koma bayan wani abu mai ƙarfi kamar shingen kankare ko ginshiƙin gini, ka kuma lura da lungun da za ka bi idan taron ya matse. Idan ka ji ƙarar taya ka ga mutane suna rugawa wajen, kai ka nufi akasin haka.

Wayarka ta zauna a aljihu gwargwadon iko. Ƙa'idojin ɗa'a a bainar jama'a da aka fara aiki da su a 2019 sun hana ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba, dokar laifukan intanet ta 2007 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Bidiyon mata a cikin taro, ko na haɗari, ko na jami'in tsaro yana aikinsa, da mutum zai ɗora a TikTok don 'yan uwa su gani a gida, yana iya zama sanadin rabuwarsa da aikinsa. Tutar da aka miƙa maka tana ɗauke da kalmar shahada, don haka kada ta taɓa ƙasa. Rigar ƙungiyar da aka doke kuwa gara a bar ta a gida.

Mai iyali ya riƙe hannun yaro, ya sa masa takarda mai lambar waya a aljihu. Macen da aka matsa wa ta shiga shago ko gidan abinci mafi kusa ta kira 'yan sanda, domin dokar hana cin zarafi ta 2018 ta shafi kowa, ba ta bambanta 'yar ƙasa da baƙuwa ba.

Idan a mota cunkoson ya ritsa da kai, ka ɗaga gilashi, ka kulle ƙofa, ka bi a hankali. Wani zai iya fesa maka kumfa a gilashi ko ya bubbuga bayan motar. Kada ka fito don musu. A Riyad, jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a Disamban 2024 ya fi tasi sauƙi a irin wannan dare.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa wa wani a gabanka, ka kira 911 a yankunan Riyad da Makka da Gabashin ƙasar, ko 999 don 'yan sanda, ko 997 don motar asibiti. Ka faɗi sunan titi da wani gini sananne da ke kusa. Kada ka ɗaga wanda mota ta buge sai idan wani haɗarin na tunkararsa, domin motsa wuya ko baya yana iya ƙara masa rauni. Idan motarka ce aka goga kuma babu wanda ya ji ciwo, ka ɗauki hoton motocin da lambobinsu, ka kai rahoto ga Najm mai kula da haɗarin motocin da ke da inshora, kada ka bar wurin sai an ba ka izini.