Kurakuran da aka fi yi wajen tantance mutum da kyamarar zafi

Da yawa suna ɗauka duk na'urar da aka ce tana aiki da infared, wato hasken da idon mutum ba ya gani, kyamarar zafi ce. Face ID, tsarin buɗe wayar iPhone da fuska, ɗigogin haske sama da 30,000 yake watsawa a fuska don ya auna tudu da kwarinta, na'urar Fujitsu mai duba jijiyoyin tafin hannu ma haskawa take yi. Kyamarar zafi kuwa ba ta haska komai. Ɗumin da fata ke fitarwa da kanta take kamawa, wato infared mai tsawon zango na maikuromita 8 zuwa 14. Kafin ka kwatanta sakamakonka da na wani, ka tabbata irin na'urar ɗaya ce.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a yi wa mutum rajista (ɗaukar hotonsa na farko a adana) da gwaji a zama ɗaya, sannan a fito ana murna da sakamako. Gaskiya ne zanen zafin fuska yana bin jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata, shi ya sa tun 1992 Francine Prokoski ta kawo shawarar a gane mutum da shi. Amma gudun jini ba ya zama a hali ɗaya. Zazzaɓi, hawa bene, ɓacin rai, shigowa daga sanyi, kowanne yana sauya hoton, musamman a hanci da kumatu. Masu bincike a Jami'ar Notre Dame ta Amurka sun nuna cewa idan makonni suka shiga tsakanin hoton rajista da na gwaji, ƙwazon tsarin yana raguwa. Saboda haka ka raba ranakun sosai. Ka bar mutum ya zauna kamar minti 15 jikinsa ya saba da ɗakin, ka rubuta zafin ɗakin kowane lokaci. Ita ma kyamarar a kunna ta da wuri, domin ma'auninta yana karkacewa kafin ta daidaita.

Tabarau kuma sai a manta da shi. Gilashi ba ya barin wannan ɗumi ya ratsa, idanu sai su fito baƙi ƙirin. Haɗa kyamarar zafi da ta yau da kullum yana rage matsalar.

Akwai masu cewa ba a yaudarar kyamarar zafi. Hoton takarda ko fuskar waya lallai ba sa wucewa, don ba su da zanen ɗumin mai rai. To amma fuskar roba ta silikon tana ɗaukar ɗumin wanda ya sa ta, ana kuma iya ɗumama ta da gangan. Duk wanda bai gwada irin wannan harin bisa ISO/IEC 30107-3, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwada yadda na'ura ke gano irin wannan yaudara, ba, bai kamata ya yi iƙirarin tsaro ba.

Kada kuma a manta ɓarawo ma yana iya riƙe wannan kyamara. Yatsa yana barin ɗumi a maɓallin da ya taɓa, kuma wanda ya fi haske shi aka danna daga baya. A 2022 ƙungiyar Mohamed Khamis a Jami'ar Glasgow ta gano kashi 86 cikin 100 na kalmomin sirri daga hotunan da aka ɗauka cikin daƙiƙa 20 bayan bugawa, da kashi 62 bayan minti ɗaya. Idan tsarinka yana komawa ga lambar sirri duk sanda fuska ta ƙi shiga, nan ne ƙofar take a buɗe. A tsawaita lambar ko kalmar sirrin, a zaɓi maɓallan ƙarfe ko na robar PBT maimakon ABS, wadda ta fi riƙe ɗumi.