Yadda za ka gina kwas na intanet da jami'a za ta ƙirga ma ɗalibi, da inda kuɗɗin aikin za su fito

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Tun lokacin korona a 2020 da anka rufe makarantu, da yawanmu nan Sakkwato mun saba tura ma ɗalibai karatu ta WhatsApp ko Telegram, wasu har YouTube sunka buɗe, kuma wallahi an amfana. Amma akwai tambayar da wani ɗalibina ya yi min da har yau ba ta bar raina ba, ya ce "Malam, wanga karatu da muke saurare, zai shiga sakamakonmu ko ko sai mun sake zama aji?" Ban da amsar da zan ba shi a lokacin, don kuwa bai shiga ba.

Mu nan mun san bambancin. A zauren malam kowa na iya zuwa shi zauna shi saurari karatu ba mai korar shi, amma ijaza sai wanda malam ya ji karatunsa ya gamsu. Kiredit na jami'a, wato nauyin kwas da ake ƙirga ma ɗalibi cikin sakamakonsa in ya ci, haka yake. Kai karatu nesa kuma ba baƙon abu ba ne gare mu, Nana Asma'u ta yi shi da jajinta da ke ɗaukar waƙoƙin karatu suna kai ma matan ƙauyuka, 'yan taru, tun ƙarni na 19. To saka karatu a intanet shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen shaidar, saboda haka nike ce ma duk mai wagga niyya kada shi fara da sayen kamara, shi fara da takarda.

Takardar da nike nufi ita ce amincewar jami'arka. Kai malam ba ka ba da kiredit, Sanate na jami'a, wato majalisar ƙoli ta harkokin karatu, ke ba da shi, ita kuma jami'a tana ƙarƙashin ƙa'idojin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Hanyar ita ce wadda ka sani, ka kai maganar taron sashe, daga nan tsangaya, daga nan kwamitin tsara karatu, sannan Sanate. Abin da za ka rubuta mai sauƙi ne: wane kwas ne, lambarsa, yunit nawa, mi ɗalibi zai iya in ya gama, wane ɓangare za a yi a intanet, wane ne sai an zo, da yadda za a yi jarabawa. In ka tsallake wannan ka tafi ka naɗi lakca talatin, to ka yi wa'azi mai kyau ne kawai, ba kwas ba.

Kuma a nan sai ka bambance abu biyu. Ɗaukar kwas guda da ke cikin manhajar da anka riga anka amince da ita ka maida koyarwarsa intanet don ɗaliban da ke da rajista, wannan abu ne da jami'a ke iya tsarawa a cikin gida. Amma ba da digiri sukutum daga nesa wani abu ne daban, sai jami'a ta samu izinin NUC na buɗe cibiyar karatu daga nesa, irin wadda ABU Zariya ke da ita, ko Jami'ar Ibadan, ko kuma NOUN, buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, wadda dama don haka anka kafa ta, a 1983 zamanin mulkin Shehu Shagari, anka dakatar da ita a 1984 kafin gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita. Kai da ke farawa, na farkon za ka kama.

Sai wata magana da nike so a riƙe da amana. In ka buɗe kwas ɗin ga kowa, mutane daga waje za su shigo, malamin firamare daga Yabo, ma'aikaciyar asibiti daga Illela, matar aure da ta bar karatu tun sakandare. A bar su su koya, shi ne ma daɗin abin. Amma kada ka yi masu alkawarin cewa in sun samu shiga jami'a za a ƙirga masu, sai in Sanate ta rubuta haka baƙi da fari, don shiga digiri a ƙasar nan ta hannun JAMB yake. Abin da za ka iya ba su shi ne takardar shaidar kammala kwas, kuma ka faɗa masu gaskiyar matsayinta tun ranar rajista. A Indiya gwamnati ce ta warware irin wagga matsala daga sama, a 2016 hukumar jami'o'insu ta yarda ɗalibi shi ɗauki har kashi 20 cikin 100 na kwasa-kwasan zango daga dandalinsu na SWAYAM, a 2021 sunka ɗaga shi zuwa kashi 40. Irin haka nike ma ƙasarmu fata.

Wane kwas za a zaɓa? Ni shawarata GST, kwasa-kwasan bai-ɗaya da kowane ɗalibi ke yi, inda ɗalibai ke cika ɗakin lakca wasu na leƙe ta taga cikin zafin Afrilu, malam na magana na baya ba su ji. Nan ne amfanin zai fito fili, ga kuma masu kariyoba, waɗanda ke maimaita kwas ɗin da sunka faɗi, da lokacin lakcarsu ke cin karo da wata. Ƙofa ta biyu ita ce sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disamba 2022, wadda ta tsara kashi 70 ta bar ma kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. To mu wa zai riga mu yin kwas kan karanta rubutun ajami, ko tarihin Daular Usmaniyya, ko sarrafa fata, ko noman albasa da adana ta? Irin waɗanga ko a waje za a neme su.

Yanzu ginin kansa. A lissafin NUC yunit guda shi ne awa guda ta lakca kowane mako har mako 15, kenan kwas mai yunit 2 awa 30 ne. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka sai an naɗi bidiyon awa 30, a'a, ba wanda zai kalla, kuma datar wa? Abin da ake buƙata shi ne aikin da ɗalibi zai yi shi kai nauyin waɗannan awoyin. Ka raba kwas mako-mako, kowane mako ka sa guntayen bayani uku ko huɗu na minti takwas zuwa goma, da rubutu ɗan shafi kaɗan da zai karanta, da 'yan tambayoyi da zai amsa shi ga makinsa nan take, da kuma aiki guda da sai ya yi tunani ko ya fita ya tambayo mutane.

Ka gina komi da tunanin ɗalibinka waya ce a hannunsa, ba kwamfuta ba, kuma wataƙila shina Tangaza ko Kebbe inda sabis ke zuwa shina ɗaukewa. Wannan ya sa nike fifita murya a kan bidiyo. Muryar minti goma in an matse ta daidai ba ta kai megabayit 5, bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa. Bidiyo sai inda dole a gani, lissafi a allo, gwaji a ɗakin gwaje-gwaje, ko yadda ake karanta wani tsohon rubutun hannu. Kuma duk abin da ka faɗa da baki ka samar da shi a rubuce, don kurame da kuma wanda datarsa ta ƙare, rubutun kuma shi zama na gaske wanda manhajar makafi ke iya karantawa, ba hoton takarda ba.

Wajen naɗa, mutane na yafe hoto marar kyau amma ba su yafe murya marar kyau. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga ya ishe ka, da ɗaki mai darduma da labule don kada murya ta riƙa amsa-kuwwa. Ni bayan asuba nike yi, kafin 'yan kabu-kabu su fito, kafin zafi shi tilasta maka kunna fanka, don ƙarar fanka da ta janareta duk suna shiga. Ka rubuta abin da za ka faɗa tukuna. Harshe kuma, jarabawa da Turanci za a yi ta in ba kwas ɗin Hausa ko Larabci ba ne, amma ba abin da ya hana ka ƙara bayanin minti uku da Hausa kan wurin da ka san nan ɗalibai ke tuntuɓe kowace shekara.

Inda za a ajiye kwas ɗin, Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, ta wadatar, kyauta ce, jami'o'i da yawa ita suke amfani da ita, kuma manhajarta ta waya na bari a sauke darasi a karanta ba intanet. Ka fara tambayar sashen ICT na jami'arku, sau da yawa akwai ta ba a dai amfani da ita ne. WhatsApp a bar shi don sanarwa da hira, kada shi zama ma'ajiyar maki, don ranar da masu tantancewa sunka zo sai ka nuna masu wa ya shiga, mi ya yi, nawa ya ci.

Ba sai ka ƙirƙiri komi daga farko ba. Jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da buɗe kayan karatunta ga duniya tun 2001, littafan kwas na NOUN ma ana sauke su kyauta. Sai dai samun abu a intanet ba shi ne izinin kwafe shi ba, ka duba lasisinsa. In na Creative Commons ne za ka ga sharaɗin a rubuce, wani ambaton mai shi kawai ake so, wani ya hana kasuwanci da shi, wani ya hana a canza shi. Kai ma naka ka sa mashi irin wanga lasisi don malamin Birnin Kebbi ko Gusau ko Maraɗi shi iya ɗauka shi gyara. Kuma ku rubuta yarjejeniya da jami'a tun farko kan wa ke da mallakar kayan, don in ka canza wurin aiki kada zumunci shi ɓaci.

Jarabawa kuwa ido da ido za a yi ta, ban yarda da wata hanya ba a halin da muke ciki. Ayyukan mako-mako su ɗauki kamar kashi 30, babbar jarabawa kashi 70, yadda NOUN ke yi, a zo ɗakin CBT, na jarabawa da kwamfuta, ko a rubuta da biro, da katin shaida, da masu sa ido. Ita ce ke sa shaidar ta yi daraja, in an yi sakaci da ita duk sauran wahalar ta tashi banza.

To kuɗɗi. Ka raba lissafinka asusu biyu, na gini da na riƙo. Na gini sau guda ne: makirufo, sola ko inbata, ladan mai tace murya da bidiyo, ladan malamin da zai duba ingancin aikin daga waje, da lokacinka kai kanka, wanda ya kamata ka nemi sashe shi rage maka nauyin koyarwa na zango guda saboda shi. Na riƙo kuwa kowane zango sai ya dawo: ma'ajiyar intanet, data, jarabawa, gyaran darussa, da alawus na mataimakan da ke amsa ma ɗalibai. Waɗanga mataimakan kada a raina su, don an daɗe da ganin cewa a buɗaɗɗun kwasa-kwasan intanet mafi yawan masu rajista ba su kai ƙarshe, kuma abin da ke riƙe mutum shi ne wani shi lura ya ɓace mako biyu shi kira shi ya ce "lafiya dai?" Ɗaliban digiri na biyu na iya wanga aiki da kyau in ana biyansu kan lokaci.

Asusun gini shi ake nema ma tallafi. In jami'arku ta gwamnati ce akwai TETFund, hukumar tallafa ma manyan makarantu wadda dokar 2011 ta kafa, tana da kason tallafin ICT da na bincike da na wallafa littafan malamai, kuma ta hannun jami'a ake bi, saboda haka ka san jami'in da ke kula da harkarta a makarantarku ka ji lokacin da ake karɓar buƙatu. Akwai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, akwai Commonwealth of Learning da ke Kanada wadda aikinta kenan taimaka ma karatu daga nesa, ko ita MIT da kuɗɗin gidauniyoyin Hewlett da Mellon ta fara. Sannan akwai ƙofar da muke mantawa alhali tamu ce, waƙafi. Attajirin da zai gina masallaci ko shi haƙa rijiya, in an zauna anka yi mashi bayani cewa wanga karatu zai ci gaba da amfanar mutane shekara da shekaru, ilimi mai amfani ne da ladansa ba ya yankewa, ba na jin zai ƙi. Sai dai a kai mashi lissafi a rubuce, a kuma koma a nuna mashi abin da anka yi.

Asusun riƙo kuma kada a jingina shi ga tallafi, don tallafi na ƙarewa. Tsarin da ya fi kwanta min shi ne karatu kyauta, mai son shaida shi biya kuɗɗin jarabawa. NPTEL ta Indiya, dandalin kwasa-kwasan intanet, haka take yi, kallo kyauta, jarabawa rupi 1,000. Jami'ar Jihar Arizona a 2015 ta ma ƙara sassauci, ɗalibi shi yi kwas, sai ya ga ya ci sannan shi biya kuɗɗin kiredit in shina so. Mu a nan ɗalibin da ya riga ya biya kuɗɗin makaranta kada a sake karɓar ko kwabo gare shi, in ba haka ba mun dawo da sayar da handawut ta bayan gida. Na waje ne za su biya, abu mai sauƙi, a ware gurabe na marasa hali, kuma kuɗɗin su shiga asusun jami'a da rasit, kada su taɓa bi ta akawun ɗinka ko da kwana guda.

Zangon farko kada ka buɗe ma duniya. Ka gwada mako uku na farko da aji guda, ka tambaye su wane darasi ne ya ƙi sauka, ina ne sunka ɓace, data nawa ta tafi, ka gyara, sannan ka naɗi sauran. Sakamakon wanga gwaji, tare da lissafin asusun nan biyu, su za ka haɗa cikin shafi biyu ko uku ka kai ma shugaban sashe kafin taron sashe na gaba.