Kurakuran masu sayen tsohon tangaran mai zanen hannu

Na gaji da ganin sabon shiga ya ɗauki faranti, ko kallon zanen bai yi ba, ya kife shi yana neman tambari. Da ya ga shuɗɗan takubba biyu a gicciye sai jiki ya hau rawa, wai ya tsinci na Meissen. Malam, dakata. Masana'antar Meissen ta Jamus ta fara aiki a 1710, ta soma sa takubban nan a shekarun 1720, kuma tuni aka yi ta kwaikwayonsu. Kamfanin Samson na Paris, wanda aka kafa a 1845, sana'arsa ke nan: kwaikwayon kayan Meissen da na masana'antar Sèvres ta Faransa da na ƙasar Sin. Na Sin ɗin ma ya fi rikitarwa. Sunan Sarki Kangxi, wanda ya yi mulki daga 1662 zuwa 1722, a gindin kwano ba ya nufin a zamaninsa aka gasa shi. Maginan Jingdezhen, garin tangaran na ƙasar Sin, sun daɗe suna rubuta sunayen sarakunan da suka shuɗe, wasu don girmamawa, wasu don kasuwa.

Ni a wurina amfanin tambari shi ne ya ƙaryata dillali. Dokar harajin McKinley ta Amurka ta 1890 ta tilasta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa, don haka in ka ga "England" a gindi, galibi daga 1891 ne zuwa sama. "Nippon" a kan kayan Japan tsakanin 1891 da 1921 ne, daga nan aka koma "Japan". Wanda ya ce maka farantin ya shekara ɗari uku alhali ga wannan rubutu, ajiye masa kayansa.

Limoges kuwa, da za ka gani a gindin wasu farantai, gari ne a Faransa mai masana'antu da yawa, ba kamfani ɗaya ba. Farare aka riƙa sayar da wasu farantan, masu sha'awa a Amurka suna zana musu furanni a gida. Na hannu ne, amma kuɗinsa bai kai na ƙwararru ba.

Kada ka yarda zane na hannu ne sai ka sa gilashin ƙara girma. Aikin buroshi yana da sawu, fenti ya yi kauri nan ya yi sirara can, furanni biyu ba sa zama iri ɗaya sak. In ɗige-ɗige ka gani a jere, bugu ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gyara. Na taɓa biyan kuɗi masu kauri a kan wani faranti mai bakin zinariya, dillalin yana rantsuwa ko ƙwarzane babu. Da na wanke shi da ruwan ɗumi sai wani ɓangare ya dushe, ga layin gam ya fito daga baki har tsakiya, an bi shi da fenti. Haba! Me zai hana mutum ya ce an liƙa? Tun ranar ba na ciro kuɗi sai na ɗora faranti a kan yatsu na ƙwanƙwasa shi da farce. Lafiyayye amo yake yi mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ka ji ƙwas, ya mutu nan take. Sannan in haska tocila ta bayansa, domin haske yana ratsa tangaran na gaske, wurin da aka cike sai ya yi duhu. In bi baki da ɗan yatsa: inda aka gyara ba ya da sanyi da santsin sauran. Ku kuma da kuke saye daga hoton waya, ba ku taɓa ba, ba ku ji amo ba, wa kuke so ya tausaya muku?

Datti ba tsufa ba ne, ana jiƙa sabo a ruwan shayi ya yi ja. Dubi zoben gindi, inda shekaru suke cinyewa a hankali.

Kuma don Allah a daina dirje bakin zinariya da soson ƙarfe ko a jiƙa a bilic. Ruwan ɗumi, sabulu kaɗan da tsumma mai laushi sun isa, a shimfiɗa tawul a cikin bahon kafin a fara.