Leƙa cikin mahaifa da kyamara: yadda za ki shirya in likita ya rubuta miki

'Yar uwa in likitan mata ya ce za a miki histeroskofi kar hankalinki ya tashi, ba yanka ake ba. Wani siririn bututu ne mai fitila da kyamara, ta gaba ake shigar da shi ya bi ta bakin mahaifa, a ɗan zuba ruwan gishiri mahaifar ta buɗe, likita yana kallon komai a allo.

Wa ake wa? Mai jinin al'ada da ya ƙi tsayawa, wadda jini ya dawo mata bayan ta daina haila, mai yawan ɓari, mai neman haihuwa shiru, da wadda zaren robar tsarin iyali da aka saka mata a mahaifa ya ɓace. Amma ni wadda na fi jin tausayi ita ce wadda aka yi wa wankin ciki bayan ɓari ko haihuwa, daga nan al'ada ta ragu sosai ko ta ɗauke gaba ɗaya, sai a yi ta ɗirka mata jiƙe-jiƙe ana cewa sanyi ne ko sammu alhali bangon mahaifar ne ya manne, kuma sikanin na yau da kullum ba lallai ya nuna ba. Da wannan na'urar ake gani, a raba mannewar, haka ma tsiro ko ƙaramin ƙarin mahaifa (fibroid) da ya leƙo ciki ana iya cire shi a zama ɗaya.

Lokacin da ya fi kyau shi ne satin farko bayan kin yi wankan al'ada. In akwai yiwuwar kina da ciki ko kina fama da infekshan ki faɗa, ba a yi sai an tabbatar babu. Ki tambaya tun wuri, dubawa ce kawai ko har da aiki? Dubawa ba ta cika wuce rabin awa ba, farasitamol ko ibuprofen awa ɗaya kafin a fara yana taimakawa, in ko da aiki ne wataƙila a sa ki barci, to sai kin bar cin abinci kuma ki zo da mai raka ki.

Bayan an gama ciwon mara kamar na al'ada da ɗigon jini na 'yan kwanaki ba komai, ki sa pad, maigida ya yi haƙuri har jinin ya ɗauke. Zazzaɓi, ruwa mai wari ko jini da yawa kuwa, ki koma asibiti a ranar.