Darasi na 7: Waya Ma Tana Yoyo

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Aboabo ko Asawase, unguwannin Kumasi a Gana, ya san halin rufin kwano. Kafinta ya gama aiki, an biya shi, kwano sai ƙyalli yake. Ruwan farko na sauka sai ga ɗigo a kan katifa. Ba kai ka huda ba, haka aka buga shi. Amma in ba ka sa an toshe ba, katifarka ce za ta ruɓe.

Wayar da ke aljihunka haka take. Abin da ke tafiyar da ita shi ake kira manhaja. Mutane ne suka rubuta manhajar, mutum kuwa tara yake bai cika goma ba. Sukan bar kuskure a ciki, ɓarawon intanet kuma yana bin kuskuren nan kamar yadda ruwa ke bin huda.

Na fara da wannan ne saboda maganar da nake yawan ji a aji in an cuci wani: "Malam, rashin karatu ne ya jawo mini." Maganar nan tana min ciwo, domin ba kullum take gaskiya ba. Ku karanta wannan a hankali, kowa jimla ɗaya.

A shekarar 2019 an gano wata kafa a WhatsApp. Kira kawai za a yi maka, ko ba ka ɗauka ba, manhajar leƙen asiri ta shiga wayarka. An kai wa mutum wajen 1,400 hari ta nan, cikinsu har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam, mutanen da karatu ya ratsa. A 2020 kuma masu bincike suka samu muguwar manhaja a cikin wayoyin Tecno W2 guda 53,000, a ƙasashen da suka haɗa da Gana da Habasha da Kamaru. Da ita aka sayar da wayoyin tun suna cikin kwali. Tana cinye data, tana yi wa mai waya rajistar abin da bai nema ba, kuɗin kiransa na tafiya bai san dalili ba. Kamfanin ya ce daga wajen wani mai kawo masa kayan haɗi matsalar ta shigo, ya kuma fitar da gyara.

To, gyaran nan shi ne ake kira afdet, wato sabuntawa. In waya ta ce tana son afdet, kafinta ne ya zo toshe yoyo. Yawancinmu korarsa muke yi saboda tsadar data. Na san data kuɗi ce, amma ka nemi inda akwai wayifai na wanda ka yarda da shi, ka sa waya a caji, ka bar ta ta gama.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa mai saye: kamfani ba ya aiko da gyara har abada. Bayan 'yan shekaru sai ya daina, ko da wayar na aiki garau. Kwamfuta ma haka ne, Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. A ganina wannan rashin adalci ne ga talaka, domin mu ne masu sayen na hannu. Saboda haka in ka je Adum sayen waya, kada ka tsaya kan kyamara da batir kaɗai. Ka ce mai shago ya buɗe saitin ya nuna maka kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In ya kai shekara biyu ko uku, kada ka riƙa ajiye sirrinka da harkar kuɗinka a kanta.

Yanzu mutum biyu su tashi su karanta hirar nan, uwa da ɗanta. Uwar tana sayar da koko da ƙosai.

"Mma, wane ne ya sa miki wannan WhatsApp ɗin?"

"Yaron da ke gyaran waya. Ya ce ya fi na kowa, har saƙon da aka goge ina gani."

"Wannan ba na kamfanin ba ne, Mma. GB WhatsApp ake ce masa. Wasu ne suka kwaikwaya, ba mu san su ba, ba mu san abin da suka cusa a ciki ba. Kuma kamfanin na iya rufe miki layi a kansa."

"To ni ina zan gane na gaske, ɗana?"

"Daga Play Store kaɗai za a sauko miki da shi. Wanda aka turo daga wayar wani, ki ce a bar shi."

Mu zo kan MoMo, wato asusun ajiya da tura kuɗi ta waya, inda cutar ta fi yawa. Tun 2009 da MTN ta kawo shi, kuɗin adashe da na kayan kasuwar Kejetia da na makarantar yara duk sun koma waya. Makullinsu kuwa lamba huɗu ce tak. Wannan rauni ne, kuma mu kan ƙara masa rauni da 1234 ko shekarar haihuwa, alhali ranar haihuwarka na rubuce a Ghana Card ɗinka da ke cikin jaka ɗaya da wayar. Rauni na biyu shi ne saƙon tes. Kowa na iya rubuta saƙo mai kama da na shigar kuɗi ya turo maka. Sai ya kira, murya na rawa: "Hajiya, don Allah ki taimaka, kuɗin asibitin mahaifiyata ne na tura miki bisa kuskure." Da tausayinki yake farauta, ya san tarbiyyar Zango ba ta yarda a riƙe haƙƙin wani ba. Kada ki yi musu da shi, kada kuma ki tura. Ki kashe kiran, ki danna *170#, ki duba abin da ke asusunki da idonki. In kuɗi ba su ƙaru ba, ƙarya ce. In sun ƙaru da gaske, ki ce ya kira kamfani su mayar masa.

Akwai kuma mai cewa daga ofis yake, za a rufe layinki in ba ki bi abin da zai karanta miki ba. Yana magana sai ki ga waya ta nemi lambar sirri. Ki riƙe wannan da kyau: ba a sa lambar sirri don karɓar kuɗi. Duk wanda ya kira ya ce ki sa ta, kuɗi ne za su fita. Ma'aikacin gaske ba ya tambayarta, mai rumfar MoMo ma bai kamata ya danna miki ita ba. Wannan ne dalilin da ya sa muka daɗe kan rubuta lambobi a darasin baya.

WhatsApp ma yana da tasa lambar, guda shida, da ke zuwa ta tes. Wani zai kira ya ce ƙungiyarku za ta yi taro ta intanet, ki karanto masa lambar da ta shigo. Kina karantawa ya ƙwace asusun, ya shiga roƙon 'yan'uwanki kuɗi da sunanki. Maganinsa a saitin yake: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki zaɓi wata lambar shida da ke kaɗai kika sani.

Manhajojin ba da bashi kuwa, da ke neman izinin ganin hotuna da lambobin mutanenka, ka guje su. Babban Bankin Gana ya gargaɗi jama'a kan marasa lasisi.

In abin ya riga ya faru, kunya ba ta dawo da sidi ko ɗaya. Mai layin MTN ya kira 100 nan take. Sannan a kira 292, lambar Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa, wadda dokar 2020 ta kafa. Kada a goge saƙon ɓarawon ko lambarsa, su ne shaida.

Aikin gida: ka rubuta 100 da 292 a bangon littafinka, manya-manya. Ka rubuta jimlar nan sau uku: "Lambar sirrina tawa ce ni kaɗai." Sannan ka canja lambar MoMo ɗinka in shekarar haihuwarka ce, amma ita kada ka rubuta ta a littafin, kada kuma ka nuna mini. Ranar aji na gaba kowa ya zo da wayarsa da cikakken caji, za mu duba kwanan watan afdet ɗinta tare.